Ɗalibata ta canza, ina zargin ana lalata da ita: me ya kamata in yi?

Tambaya: Ni malamar aji uku ce a firamare. Ina da ɗaliba 'yar shekara takwas, da can mai surutu da ƙoƙari, amma tun da aka dawo hutu ta zama shiru-shiru. Ta fara sakin fitsari a aji, ba ta iya zama daidai a kan benci, kuma ina ganin ta da kuɗin da na san ba daga gida suke ba. Shekaranjiya da aka tashi ta tsaya ta ce mini, "Malama, ki ce wa Umma ta daina aike na wajen Kawu." Na taɓa yi wa uwar maganar fitsarin, ta ce sanyi ne. Ina tsoron in yi magana in ɗauki alhakin mutum, ina kuma tsoron in yi shiru. Ina mafita?

Amsa:

Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika lura. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: yarinyar nan tana buƙatar ganin likita yau, in ya gagara gobe da safe. Kuma ba sai kin tabbatar da komai za ki motsa ba. Tabbatarwa aikin likita ne da mai bincike da alƙali. Naki shi ne ki ga ta isa inda za a duba ta, ki faɗi abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji. Wadda ta ce "ga abin da na gani a jikin yarinya, ga abin da ta faɗa mini" ba ta yi wa kowa ƙazafi ba. Alhakin da ya kamata ki ji tsoro shi ne na yarinyar da ta zaɓe ki a cikin duk manyan da ta sani.

Gaskiya ne kowace alama da kika lissafa, in aka ɗauke ta ita kaɗai, tana iya samun wani dalili. Cutar mafitsara tana sa yaro sakin fitsari. Tsutsar ciki tana sa ƙaiƙayi da rashin zama wuri ɗaya. Rasuwa ko rabuwar iyaye tana sa yaro ya yi shiru. Amma ke kin ga sun taru a kan yarinya ɗaya a lokaci ɗaya, ga kuɗin da ba a san tushensu ba, sannan ga maganar bakinta. A aikinmu na kula da yaran da aka ci zarafinsu, maganar yaro ita ce alama mafi ƙarfi, ta fi duk wani abu da za a gani a jiki. Da wuya ƙaramin yaro ya fito ya ce an yi mini kaza, don sau da yawa ma bai san sunan abin ba. Sai ya jefo 'yar magana ya ga yadda za a karɓe ta: ba na son zuwa gidan wane, wane ɗan iska ne, cikina yana ciwo in an aike ni. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. In aka yi banza da wannan 'yar maganar, ko aka ce "rufa mana baki", mai yiwuwa ne ba za ta sake buɗe baki ba sai bayan shekaru.

Kada ki ga kamar abin baƙo ne. A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun yi bincike a faɗin Najeriya kan cin zarafin yara. Sun gano cewa yara shida cikin goma suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma ana cin zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ki dubi ajinki da wannan lissafin.

Mafi yawan masu yin haka ba baƙi ba ne. Mutum ne da ake gaisawa da shi, ake ba shi amana, yara ke kiransa Kawu ko Yaya ko Baba ko Malam. Kuma ba da ƙarfi yake farawa ba. Yau alawa, gobe naira hamsin, jibi "zo ki yi kallo a wayata". Sai ɗora ta a cinya, sai taɓa inda bai kamata ba kamar da wasa, yana lura ko za ta faɗa. In ya ga shiru sai ya ƙara gaba. Daga nan sai kashedi: "Sirrinmu ne. In kika faɗa Ummanki za ta mutu," ko "ke za a daka, tunda kin karɓi kuɗina." Yarinya 'yar shekara takwas tana yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sau da yawa kuma mutumin mai kyautata wa gidan ne, shi ke kawo ɗan abin azumi, shi ke taimakawa da kuɗin makaranta. Shi ya sa uwa take saurin cewa sanyi ne. Ba lallai rashin so ne ba. Abin da zuciyarta ke raya mata ne ya fi ƙarfinta.

To, yadda za ki yi magana da ita. Ki sami wuri mai natsuwa inda ba za a ji ku ba, amma ba ɗaki a kulle ba, kada ta ji kamar an ritsa ta. Ki zauna daidai tsayinta, kada ki tsaya a kanta. Ki ce, "Rannan kin ce ba kya son zuwa wajen Kawu. Ba ni labari." Sai ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, ki jure. In ta fara ta tsaya, ki ce "sai me ya faru?" kawai. Kada ki sa mata magana a baki, irin su "ya cire miki wando, ko?" Yaro yana son faranta wa babba, zai iya cewa e don ya ga haka kike so, kuma gobe lauyan wanda ake tuhuma zai ce ke kika kitsa mata. Kada ki tambaye ta me ya sa ta je, me ya sa ba ta yi ihu ba, me ya sa ba ta faɗa tun farko ba. Duk tambayar da ta fara da "me ya sa" a kunnen yaro tuhuma ce.

Ki riƙe fuskarki. Na san yadda ciki ke juyawa in yaro ya fara bayani, amma in kika rafka salati kika ɗora hannu a ka, za ta ga ta jawo masifa, sai ta janye. Ki saurara, sannan ki gaya mata a fili cewa kin yarda da ita, ba laifinta ba ne, kuma ta yi daidai da ta faɗa. In ta ce ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba, kada ki rantse. Ki ce, "Ba zan baza ba, amma dole in gaya wa waɗanda za su hana a sake yi miki." An riga an yaudare ta da alƙawari, kada ki zama ta biyu.

Da kun rabu ki ɗauki biro ki rubuta rana da lokaci da ainihin kalmominta. In ta ce "ya taɓa mini wajen fitsari", haka za ki rubuta, kada ki gyara zuwa maganar manya. Kada ki tuɓe ta ki duba, kada ki kira sauran malamai su zo su ji da kunnensu. Yaron da aka sa ya maimaita labarin nan ga mutum goma, an azabtar da shi sau goma, kuma labarin yakan fara rikicewa.

Ki sanar da shugaban makaranta, sannan ki nemi uwar ita kaɗai, ba a tsakar gida gaban kishiyoyi da 'yan haya ba. Kada ki shiga da sunan kowa. Ki ce, "Maman wance, 'yarki ta faɗa mini maganar da ta tayar mini da hankali, ina so mu kai ta asibiti tare." Ki shirya wa kowane irin martani: kuka, musu, zagi, ko ta tashi za ta daki yarinyar. Nan ne za ki tsaya tsayin daka. Idan kuwa kin fahimci wanda ake zargin a cikin gidan yake kwana, ko uwar ta ƙi, ko shugaban makaranta ya fi damuwa da sunan makaranta, to kada ki tsaya jiran izinin kowa. Ki tafi ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata ta jiha, ko wajen 'yan sanda. Shi kuma Kawun, kada ki tunkare shi, kada ki bari a aika masa. In ya ji ƙishin-ƙishin, ko ya gudu, ko ya tsorata yarinyar ta canza magana, ko ya yi mata abin da ya fi na farko muni don ya rufe bakinta.

Me ya sa nake ta gaggawar asibiti? Saboda akwai magungunan da ke da wa'adi. Maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki dole a fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kwana 28 ba fashi. Yarinyar da ta fara al'ada ko take dab da farawa, akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa da ke aiki cikin kwana biyar. Akwai maganin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta tetanas in akwai rauni. Ba ki san ranar da abin ya faru na ƙarshe ba, don haka ki ɗauka agogo yana tafiya. In ma kwanakin sun wuce, a je. Akwai sauran abin da za a yi mata.

Akwai abin da iyaye mata ke yi da kyakkyawar niyya wanda ke ɓata shari'a tun kafin a fara. Uwa ta ga jini a ɗan kamfan 'yarta, sai ta dafa ruwa da bagaruwa ko gishiri ta zaunar da ita a ciki don ta gasa ta, ta wanke kayan tas ta shanya, ko ta ƙona su don kada wani ya gani. Da safe an zo asibiti ba sauran shaida. In abin sabo ne, kada a yi mata wanka, kada a wanke kayan. A naɗe su a takarda mai tsabta ko babbar ambulan, ba a leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata abin da ke jiki. Amma in an riga an yi wankan, kada wannan ya hana zuwa.

Akwai cibiyoyin da aka kafa don wannan aikin kaɗai, inda ake samun likita da mai ba da shawara a wuri ɗaya, kyauta, kuma ana iya zuwa kai tsaye. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. Inda babu irinsu, babban asibitin gwamnati mafi kusa. A nemi a rubuta rahoton likita, a kuma adana katin asibiti.

Ina so ki riƙe wannan da kyau, don a nan ake yawan zaluntar yara: in likita ya duba bai ga rauni ba, ba ya nufin yarinya ƙarya take yi. Yawancin yaran da aka yi lalata da su, in an duba su bayan kwanaki, ba a ganin komai, domin wurin yana saurin warkewa, kuma ba kowace lalata ce ke barin tabo ba. Abin da ake kira gwajin budurci kuwa ba shi da tushe a likitanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a 2018 ta nemi a daina shi gaba ɗaya. Don haka kada a kai ta wajen wata tsohuwa ko unguwarzoma "ta duba ko an shige ta". Wani cin zarafin ne a kan na farko.

Ta fuskar doka, yarinyar nan tana da gata. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma saduwa da yaro fyaɗe ne mai hukuncin ɗaurin rai da rai, ko da an ce da yardarsa. Jihohi suna da nasu dokokin. Kaduna ta yi tata ta kare yara a 2018, a 2020 kuma ta tsananta hukuncin fyaɗen yaran da ba su kai shekara 14 ba, Kano ta sa hannu a dokar kare yara a 2023. Tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, ita ma ta ce yarinyar da ba ta kai 14 ba, ba a maganar yardarta. Dokar haramta cin zarafin mutane ta 2015 kuma ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe. In kun je caji ofis ku nemi jami'ar da ke kula da shari'o'in mata da yara. Akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke taimakawa a irin wannan. In yaro yana cikin haɗari a take, a kira lambar gaggawa ta 112. In an fara kai magana wajen mai unguwa ko Hisba, ba laifi, amma a sani fyaɗe ba rikicin aure ba ne da za a sasanta a zaure. Dole ya isa ga 'yan sanda.

Hanyar tana da tsawo, gara ki sani. Daga caji ofis fayil yakan tafi sashen binciken manyan laifuka na jiha, daga can a aika ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, sannan a gurfanar a kotun da ke da hurumi. Ana ɗage zama, ana kashe kuɗin mota, wani lokaci a ga wanda ake tuhuma ya dawo unguwa a kan beli. A wannan tsakanin ne 'yan sulhu ke shigowa. Za su zo da dattawa da carbi: a rufa asiri, ƙaddara ce, a bar wa Allah, in magana ta fita ba za ta auru ba, zumunci zai lalace. Wani ma zai ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, a kan 'yar shekara takwas! Sai a ajiye 'yan kuɗi "na magani". Ki lura da wanda rufin asirin nan yake yi wa amfani. Yarinyar dai unguwa ta riga ta ji, ana nuna ta da baki. Wanda aka rufa wa asiri shi ne mutumin, kuma zai koma shagonsa ko zaurensa inda ake aiko wasu yaran. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Asirin da ya wajaba a rufa shi ne na yarinyar: kada sunanta ko hotonta ya hau Facebook ko WhatsApp da sunan neman mata adalci.

In matsin ya yi yawa, kada ki yi mamaki ta ce ƙarya ta yi. Yara da yawa suna janye magana in sun ga uwa tana kuka, an daina gaisawa da dangi, ana cewa su suka jawo. Janyewar ba hujja ba ce cewa abin bai faru ba.

Tunda ke malama ce, idonki ya wuce kan wannan yarinyar kaɗai. 'Yan maza ma ana yi musu, kuma sun fi ɓoyewa saboda gori. Yaron da ya fara zubar da kashi a wando, ko yake tafiya da ƙyar, ko ya koma faɗa da kowa ba dalili, a kula da shi. Haka almajirin da ke kwana cikin gardawa, da 'yar talla, da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, da 'yar riƙo, da yaro mai naƙasa wanda ba ya iya bayani. Duka ma yana da iyaka. Yaro mai wasa yakan ƙuje a gwiwa, ƙwauri da goshi. Amma shatin wayar wuta a gadon baya, ƙunar guga ko bakin wuƙa, kumburi a kunne, wuya ko cinya, raunuka sabo da tsoho a jiki ɗaya, ko labarin da bai dace da raunin ba, wannan ya wuce horo. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, duk wani kurman rauni a jikinsa abin tambaya ne. Mutanen Kaduna ba su manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, da yara a cikinsu, daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Gidan a cikin unguwa yake, ba a daji ba.

Sai warkewa, wadda ta fi shari'a daɗewa. Abin da ya fi taimaka wa yaro ya farfaɗo shi ne ya ga babban da yake dogara da shi, musamman uwa, ya yarda da shi kuma ya kare shi. Don haka taimakon uwar taimakon 'yar ne. Uwar ma tana cikin ƙunci, tana zargin kanta tunda ita ke aiken. Ki gaya mata mai laifi ɗaya ne, kuma ba ita ba ce. A gida za a ga fitsarin kwance, firgita cikin dare, maƙalewa uwa, ƙin abinci, fushi, ko wasan da ya girmi shekarunta. Kada a dake ta, kada a ce iska ce ta shige ta. A yi mata addu'a, a tofa mata, amma a ci gaba da kai ta wajen mai ba da shawara, a kammala maganin kwana 28 ko da yana sa ta tashin zuciya, a koma gwajin jini a ranakun da likita ya sa. In ta fara cewa gara ta mutu, ko tana ji wa kanta ciwo, a koma asibiti a ranar.

Kada a cire ta daga makaranta, kada a tura ta ƙauye a ɓoye kamar ita ta yi abin kunya. Wanda ya kamata ya bar wurin shi ne mai laifin. A ajinki ki bar ta a kujerarta, ki ci gaba da tambayarta karatu kamar kowa, ki ba ta damar fita bayan gida ba sai ta roƙa ba, ki ajiye mata wani wandon a jakarki saboda ranar da fitsari ya kufce. In kin ji wani yaro ya yi mata gori, ki tsawatar nan take. Kada ki riƙa jan ta gefe kullum kina tambayar ya jiki; ta san kina nan in tana son magana, ya isa. Ke ma ki sami babba ɗaya mai riƙe amana da za ki riƙa sauke nauyin zuciyarki a wajensa, ba tare da ambaton sunanta ba.

Kuma in kun zauna da uwar, ki tambaye ta su wa ake aika wajen mutumin nan ban da ita. In akwai ƙanne ko 'ya'yan maƙwabta, mata da maza, a dakatar da aiken daga yau, a kuma shaida wa jami'an da ke binciken don su ma a duba su.